Rumbu Ba Jinka a Kafaɗar Soja

Shekara talatin ke nan cif da muka kai yayana, Saje Ilu, makwancinsa a Dandamisa. Ubanmu ɗaya, amma ya girme ni nesa ba kusa ba, har baƙi kan ɗauka shi ya haife ni. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama, nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni. Mutumin nan ya yi sama da shekara ashirin yana yawo da ɓataccen suna a garin da aka haife shi, ya kuma mutu da shi, alhali abin da ake zaginsa a kai hannuna ne ya aikata. Ina so mai karatu ya san haka tun yanzu, don kada ya karanta rabi ya ɗauka ni ne mutumin kirkin labarin.

Yaya telan soja ne. An ɗebe shi lokacin babban yaƙin Turawa, aka tsallaka teku da shi, ya dawo da ransa da igiya uku a hannun riga, wato ya zama saje. Bayan yaƙi bai ajiye kaki ba. Da yake tun a gida ya iya ɗinkin hula da aikin zare a wuyan riga, sai aka damƙa masa ɗakin ɗinkin bataliyarsu a Kaduna. Shi ke rage wando, shi ke ɗinka igiya ga wanda aka yi wa ƙarin girma, shi ke kafa bajo, ɗan tambarin nan na kafaɗa da ke nuna rundunar da soja ya fito. Mutum ne mai shan mur, marar son surutu. In ka kawo masa riga da maɓalli a karkace, kallon da zai yi maka sai ka rantse ka zagi iyayensa. Ya sha gaya mini cewa talaka ba ya fara duban fuskar soja, kafaɗarsa yake fara duba, saboda haka abin da aka ɗinka a wurin magana ce ake yi da talaka, ko mai ɗinkin ya sani ko bai sani ba.

Makon jiya na ratsa kasuwar Makarfi ta bayan 'yan rake, na iske wani mai tebur ya baza bajo kamar tumatir. Ga zaki, ga mikiya, ga kunama, ga bindigogi a gicciye, ga ƙoƙon kan mutum da haƙora a waje, har da wata dabba mai fukafuki da babu irinta a ƙasar nan. Inji ne mai kwamfuta ke zubo su, kowa kuma saye yake yi: ɗan banga, ɗan kamasho, mai gadin gidan mai, mai karɓar kuɗin rumfa. A hanyar Kudan wani saurayi ya tare motarmu da katako mai ƙusoshi, kafaɗarsa ɗauke da ƙoƙon kan nan. Na leƙa na ce, “Samari, wannan na kafaɗarka me yake nufi?” Ya karkata kai ya dube shi kamar ranar ya fara ganinsa, ya ce, “Wallahi Baba, kyau dai ya yi mini.”

Manomi ya ɗauko buhun masararsa daga Likoro, abu na farko da zai gani a jikin mai cewa yana tsaronsa shi ne kan gawa. Da Yaya na raye, ba na jin zai ce wa yaron komai. Tofar da yawu zai yi ta taga ya ce wa direba a tafi. Ni kuwa har na fara yi wa yaron Allah wadai a zuci, sai na tuna cewa hujjar da ya ba ni ita ce hujjar da ni ma na taɓa kafawa, kuma ni a lokacin da takardar shaidar malanta a aljihuna.

Ga yadda abin ya faru. Da Turawa suka sauka aka ba mu mulkin kai, sai aka ce a cire kambin sarautarsu daga kayan soja. Manjon bataliyar su Yaya, wani matashi ɗan ƙasa, ya ce kowa ya kawo shawarar sabon bajo, kwamiti zai zaɓi ɗaya. Wasu suka kawo damisa, wasu takubba, wasu giwa. Yaya kuwa ya nemi hutu ya taho gida.

Wanda bai tashi a ƙauye ba sai na yi masa bayanin abu guda. A wancan zamani kowane gida a ƙasarmu yana da rumbun gandu, wato rumbun da ake tara abincin gida gaba ɗaya. In an gama kaka an zuba dawa, sai a liƙe bakinsa da laka a kifa masa jinka. Ba mai sake taɓa shi sai damina ta zauna an shiga noma, lokacin da abinci ke wuya. Maigida kaɗai ke ɗaga jinkar, shi ma in ya ɗiba nan take yake mayarwa. In ka ga rumbu tsaye ba jinka, to ɗayan biyu ne: ko gidan ya zama kango, ko an fi ƙarfin masu gidan.

A shekarun yaƙin nan an fi ƙarfinmu. Aka riƙa bin ƙauyuka, daga namu har Nasarawan Doya, ana tuntsurar da jinka ana kwashe hatsi, wai abincin soja ne. Masu kwasar suna zuwa da dogon mashi, su caka shi ta bakin rumbu don su ji zurfin hatsin, kada maigida ya yi musu ƙarya. An yi wa rumbun mahaifinmu haka, Yaya yana can bakin daga. Daminar da ta biyo baya da tafasa da rama aka yi ta. Ya dawo ya tarar da kabarin 'yarsa ta fari, wadda ya bari tana rarrafe. Ya taɓa ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne tunanin cewa wataƙila tuwon da ya ci a can da dawar ubansa aka tuƙa shi.

To, da ya zo hutun nan, kwana uku ya yi a gindin tsamiyar ƙofar gida da allura da ɗan ƙyalle bai fi tafin hannu ba. Ya yi wa ƙyallen ƙasa koriya. A tsakiya ya ɗinka rumbu ja, launin laka, zaune a kan duwatsunsa. Ya kifa masa jinka da zare ruwan ɗorawa, yana jera zaren ɗaya bayan ɗaya har ka ce ciyawa ce. A gefe guda, daga waje, ya tsayar da mashi, gindinsa a ƙasa, tsininsa na kallon sama. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya miƙa wa Sarkin Noma Bawa, dattijon da duk Dandamisa ke jin maganarsa a kan harkar gona.

Sarkin Noma ya juya ƙyallen a hannu ya ce, “Ilu, me ya sa mashin nan bai taɓa rumbun ba?”

Yaya ya ce, “Baba, gadi aka ba shi. Mai gadi daga waje yake tsayawa.”

Ƙyallen ya zaga hannun dattawa ɗaya bayan ɗaya, kowa na sa albarka. Sarkin Noma ya ce in dai wannan sojan 'yanci zai ɗaura, to shi ya yarda. Mutumin da shekara da shekaru ba ya amsa sallamar mai kaki, a wannan watan ya bar ɗansa Tanimu ya shiga soja, aka kuma yi dace ya faɗa bataliyar su Yaya.

Nan ni na shigo. Kwamiti ya ce ba ya karɓar ƙyalle, sai zane a takarda da bayani da Turanci. Yaya ajami ya sani, bai yi boko ba. Ni kuma a lokacin na fara koyarwa a Ikara, ni ne ɗan Dandamisa na farko da ya zama malamin makaranta, kaina ya kumbura har hula ba ta zama. Ya biyo ta wurina ya ajiye mini ƙyallen, ya ce, “Auta, ka kwafe shi yadda yake, ka rubuta musu abin da na gaya maka, ka aika.” Ya hau mota ya koma bariki.

Na shimfiɗa ƙyallen a tebur, na ɗauko rula da fensir, sai kunya ta kama ni. A kwaleji na ga tambarin Turawa a littattafai, hasumiyoyi ne da garu, komai a miƙe. Na dubi jinkar Yaya na ga bukka. Na ce hafsoshin Kudu da sauran Turawan da ba su tafi ba za su yi dariya, su ce 'yan Arewa an ce su kawo tambari sun kawo bukkar ƙauye. Ga shi kuma malamin zanenmu ya cusa mana cewa hoto mai kyau dole hagu ta yi daidai da dama, mashin Yaya kuwa ya tsaya gefe guda ya karkatar da hoton. Saboda haka na cire jinkar, na miƙe cikin rumbun ya ɗan yi kama da hasumiya, na ɗauko mashin na dasa shi a tsakiya, yana fitowa ta bakin rumbun. Na rubuta da Turancina mai ƙamshin kwaleji cewa wannan hasumiyar ƙarfin ƙasa ce. Na sa sunan Saje Ilu a ƙasa, na kai gidan waya.

Kada wani ya nema mini uzuri ya ce ban sani ba. Da labarin rumbun mahaifinmu aka yaye ni. Na san kabarin yarinyar nan, na san mashin da ake cakawa. Amma da na zauna gaban farar takarda, duk wannan bai zo mini a rai ba, ko da sau ɗaya. Abin da ke raina shi ne kada wani Bature ya yi murmushi. Har yau in na tuna yadda na ɗaga takardar ina yaba kaina, sai in ji na raina kaina.

Kwamiti ya zaɓi zanen. Aka aika ƙasar waje, bayan 'yan watanni bajo ya iso kwali-kwali, aka sauke a ɗakin ɗinkin Yaya, don shi zai kafa wa kowa. Waɗanda ke wurin sun ce ya buɗe kwali ɗaya, ya ɗauki guda ya duba, ya mayar ya rufe, ya koma ya zauna. Manjo ya zo da fara'arsa yana yi masa barka. Yaya ya ƙame ya sara masa, ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba nawa ba ne, kuma ba zan kafa wa ɗan manomi shi a kafaɗa ba.” Manjon ba mugu ba ne. Ɗan birni ne, shi hasumiya yake gani, ga kuma takarda da sunan Yaya a kai. Ya lallashe shi, ya ba da oda, ya sake ba da oda. Daga nan sai gadurum, ɗakin da ake tsare sojan da ya yi laifi. Ranar da za a cire masa igiyoyinsa a filin fareti, an rasa abin yankewa, sai da aka aika ɗakin ɗinki aka ɗauko almakashinsa. Aka sallame shi bayan shekara ashirin cikin kaki, aka samo wani tela ya kafa bajon cikin mako guda.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi, kuma a karkace. Tanimu ya zo hutu da sabon kakinsa, ya sauka Makarfi ranar kasuwa yana taƙama. Tsofaffi suka kewaye shi suna duban kafaɗarsa, ba wanda ya ga hasumiya. Rumbu suka gani an tuntsurar da jinkarsa an caka masa mashi. Da ya isa Dandamisa, Sarkin Noma ya tsayar da shi a ƙofar zaure ya ce ya tuɓe rigar kafin ya shiga. Gari ya yanke hukunci cewa Ilu ya nuna wa dattawa abu ɗaya don ya karɓi albarkarsu da 'ya'yansu, ya kai wa manyansa wani don neman girma. Korar da aka yi masa ma ba wanda ya yarda a kan bajon ne. Cewa aka yi wani abin ya ɗauka. Tun daga ranar sunansa ya koma Ilu mai buɗe rumbu.

Yaya ya same ni a Ikara da hantsi, yara sun fita tara. Ya shigo aji ba kaki, ya ajiye bajon a teburina.

Ya ce, “Auta, ina jinkar?”

Na ce, “Yaya, ai hoto ne kawai. Haka ya fi kyau, kuma ka ga shi ya ci.”

Ya daɗe yana kallona. Na so ya mare ni, bai yi ba. Da na ga idonsa sai na ce zan je gida in gaya wa Sarkin Noma gaskiya. Ya girgiza kai ya ce, “Da ƙyar aka ba ka 'ya'yan mutane kake koya musu. In aka ji ɗan boko ne ya yi wannan, gobe ba mai sake kai ɗansa makaranta daga nan har Kudan. Ni an riga an gama da ni. Ka riƙe bakinka.” Ya ɗauki bajonsa ya fita.

Na kuwa riƙe, har na wuce yadda ya ce. Ya kafa keken ɗinkinsa a zaure, mutanen gari suna wuce shi da yadinsu suna kai wa telan wani gari. In ya shiga sahun salla sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Sarkin Noma ya rasu bai sake yi masa magana ba, ranar jana'izar Yaya yana can bayan mutane shi kaɗai. Ni kuma ina ta hawa, na zama hedimasta, na zama mai duba makarantu, in na zo gida a shimfiɗa mini tabarma a gaba. Bajon kansa bai yi ƙarko ba. 'Yan shekaru kaɗan aka sake fasalin rundunoni aka canza shi da wani, ba wanda ya ko tuna da shi a bariki. A Dandamisa ne kawai ya zauna daram, a kan sunan mutum ɗaya.

Dalilin da Yaya ya ba ni gaskiya ne a shekarar da ya faɗe shi. Amma bayan shekara goma makaranta ta kafu, har iyaye na rigimar neman gurbi. Ba yaron da za a cire don an ji abin da na yi. Na san haka sarai. Duk da haka in zuciyata ta tsungule ni sai in ce ai Yaya ne ya hana. Na mai da kariyar da ya yi mini wurin ɓuya, na kwanta a ciki ina jin daɗi, yana zaune a zaure yana ɗinka wa 'yan tsirarun da suka rage masa faci. Ban san wani suna da zan kira wannan ba in ba tsoro da son girma ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Rumbun gandu ya kusa ƙarewa, hatsi a buhu yake a ɗaki, ɗakin da kwaɗo, duk da haka manomi bai tsira ba. Masu ɗaura tambari sun yi yawa har ba ka sanin wanda zai tsare ka da wanda zai tare ka. Kowace ƙungiya zaki take so, ko mikiya, ko wani abu mai farce, ba wadda ta taɓa tunanin ta ɗinka abin da take gadi. Ina jin wannan ne zai fi ba shi takaici. A duk tambarin da na gani a teburin nan na Makarfi, babu ko ɗaya da ya yi wa talaka alkawarin komai, duk barazana ce. Yaya ya yi ƙoƙarin sa alkawari a kafaɗar soja, ƙaninsa ya goge da fensir.

In aka auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Ba lambar yabo, ba hoto a bango. Kekensa ya yi tsatsa. Abin da ya rage shi ne cewa an taɓa yin saje guda da aka ba oda ya ɗinka ƙarya ya ƙi, ya san abin da zai biyo baya, ya kuma ɗauki laifin wani ya riƙe har kabari bai yi ƙorafi ba. Wannan ya kamata garinsu ya sani, shi ya sa ran Juma'ar da ta wuce na tafi Dandamisa da niyyar in miƙe bayan salla in faɗi komai.

Na miƙe ɗin, na bi sahu da kallo. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka zage shi. Tanimu ma ya rasu bara waccan. Matasa ne cike da masallacin, waɗanda in na ce rumbun gandu sai na tsaya na yi musu bayani. Na ga gaskiyar da na kawo ba ta da mai karɓa, kuma faɗinta yanzu ba zai rage ni da komai ba. Na yi kamar ina gyara babbar riga, na nemi takalmana.

Daga nan na wuce gidan Hajara, 'yar Yaya da aka haifa bayan ya dawo daga yaƙi, wadda ta tashi yara na yi mata waƙa da sunan da aka laƙaba wa ubanta. Yanzu ita ma ta yi jikoki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa. Na ce ta zauna, na gaya mata komai, tun daga rula da fensir har ranar da ya same ni a aji. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma yi kuka ba.

Da na gama ta ce, “Na sani, Baffa. Ana gobe zai rasu ya gaya mini. Ya ce kada in tambaye ka, in bar ka, wai kai mai kunya ne, da kanka za ka faɗa in an share makoki.”

Ta miƙe ta ɗauki kwanon ruwan, ta ce, “Shekara talatin ina kawo maka ruwan nan ina duban bakinka.”